Tsohuwa Mai Zuba Taba a Ruwa

A jirgin ruwan da ke tashi daga tashar St. George zuwa Manhattan a Amurka, wata tsohuwa tana tsaye a jikin ƙarfen gefen jirgin, ta juya wa masu ɗaukar hoto baya. Gajera ce, furfurarta a kitse gida biyu, takalmanta irin na masu wuni a tsaye a asibiti. Tana ɗebo busasshen ganyen taba daga 'yar jakar fata, tana sakinsa kaɗan-kaɗan cikin ruwa, leɓɓanta suna motsi. Kowa ya gani ya san addu'a take yi.

Ban da maƙwabcina Souley mai sayar da huluna a bakin titi a Manhattan, wanda tun ranar da ya sami fasfon Amurka ya naɗa kansa mai gadin ƙasa.

"Dubi baƙin nan," ya ce da ni. "A zo garin mutane ana zubar da shara."

Ina jan rigarsa, ya fizge, ya tunkare ta da Turancinsa na bakin titi. "Mama, mu nan ba ma haka. Daga wace ƙasa kika zo?"

Ba fushi a fuskarta, sai gajiya. Ina jin tun tana yarinya take amsa wannan tambayar.

"Ni Lenape ce," ta ce. "Kakannina suna kamun kifi a ruwan nan tun kafin jiragen Turawan Holan su iso su sauya wa tsibirin da muka baro yanzu suna."

Ta koma ga tabarta.

Souley ya dawo yana sosa ƙeya. "Wai ina ne ƙasar Lenape ɗin?"

Na ce, "Inda kake kasa hulunanka kullum."