Sallamar Hajjo kafin jirgin Abijan

Kakata Hajjo ba ta taɓa wuce Ƙonni ba. A Azarori aka haife ta, nan ta yi aure, nan take sai da kayan miya. Sai ga ɗiyarta Farida ta haihu a Abijan, babu mai yi mata wankan jego. Mijin Farida ya biya mata biye, wato tikitin jirgi, daga Yamai, ranar Laraba. In ta rasa shi, babu wani.

Ni da na tsaya a aji shida na duba a talho, wayata ta hannu, na ce: «Amarya, tsakanin Yamai da Abijan a sama bai kai awa biyu ba. Zuwa kasuwar Bangi da damina ya fi shi.»

«Kai maigida, rufe mini baki. Wurin da maza ke kwana huɗu a mota shi ne kusa?»

A wajenta tafiya mai nisa ba a yin ta sai an bi dangi gida gida an nemi gafara. Ni ne mai moto, babur ɗin kai ta, ni na sha rana. Mun yi Bangi, mun yi ƙauyukan da ban san muna da kowa ba. Ko'ina sai ta zauna, ta tambayi yara, ta tambayi awaki. Ni ina waje ina kaɗa makulli.

Ran Litinin na ce shi ke nan, gobe da safe sai motar Madawa mai zuwa Yamai. Ta ce saura Mariyatu a Tabotaki, ƙanwar kakana, wadda suka daina magana tun rikicin wata gona.

«Ki kira ta a talho mana.»

«Gafara a talho? Ba ni hawa sama da maganar mutum a wuyana.»

Ruwa ya sauka, korama ta cika, muka kwana a hanya. Da muka isa, Mariyatu na tankaɗe. Ta ji zancen, ba ta ko ɗaga kai ba.

«Jirgi za ki shiga da wanga tsufa? Na yafe. Tashi ki tahi, jinjiri na jira.»

Hajjo ta gyara zama ta fara gaisuwa daga farko.

Motar Madawa ta tafi ta bar mu. Na roƙi wani direban kamiyon albasa, ya sa ta a gaba, ni a bisa buhu. Muka shiga filin jirgin Yamai muna wari, ana kiran fasinja na ƙarshe. Ta shige, ni na kama hanyar tashar mota a ƙasa.

Ban ko kai tasha ba talho ya yi ƙara.

«Maigida, sun ce wai mun iso. Ni ban yarda ba, ko goron bakina bai ƙare ba.» Sai na ji kukan jinjiri kusa da ita. «Dakata, an miƙo mini shi. Kashe abin nan.»