Gajerun Hanyoyin Anti Fayil

Shekara ashirin da uku ta yi a ɗakin ajiyar takardu na wata makarantar sakandare, har sunanta na gaskiya ya ɓace, malamai da ɗalibai kowa sai Anti Fayil. Mace ce gajera mai kaurin murya, ba ta da yawan dariya. Da aka kawo kwamfuta aka zuba mata sakamakon ɗalibai na shekara talatin a ciki, ta tarar da aikin rashin kan gado: folda cikin folda, wata a cikin wata, rabinsu sunansu "Sabuwar folda".

'Yarta ce ta nuna mata dabara sau ɗaya. Ki danna folda da ɓangaren dama na linzamin kwamfuta, ki aika gajeriyar hanyarta zuwa fuskar kwamfuta, shi ke nan. Anti ta riƙe. Shekara huɗu tana yi. Kowace shekarar kammalawa ta samu gajeriyar hanyarta, ta sauya mata suna da hoto. Jajayen na waɗanda aka taɓa kuskuren rubuta sunansu ne, shuɗayen na waɗanda suka koma wata makaranta. Akwai guda a kusurwa mai suna "Shekarar da rufi ya yi yoyo". Tsohon ɗalibi zai faɗi shekararsa, kafin ya gama zama takardarsa ta fito.

Sai ta ɗauki hutun kwana biyar, 'yar tata ta haihu. Ranar Litinin ta dawo, ta kunna kwamfuta, ta ga fili fetal. Babu komai sai tambarin makaranta.

A bakin ƙofa kuwa ga wani magidanci, tsohon ɗalibi, yana jujjuya hula a hannu. Ƙarfe sha biyu za a yi masa ganawar ɗaukar aiki, kuma sai da takardar shaidar kammalawa.

Ba ta ko ajiye jakarta ba ta nufi ofishin sabon mataimakin shugaba.

"Malam, wa ya taɓa mini kwamfuta?"

"Ni na sa injiniya ya gyara ta, Anti. Ta yi kama da juji. Amma ba a goge komai ba, gajerun hanyoyi ne kawai."

"Kawai."

"Eh mana. Foldodin suna nan."

"To taso ka nuna mini."

Ya yi 'yar dariya, ya ga fuskarta, ya taso. Ta ja masa kujerarta, ta faɗa masa sunan mutumin da shekararsa, ta harɗe hannu a bayansa. Ya buɗe "Tsofaffi", ya samu "Tsofaffi 2". Ya buga sunan a wurin bincike, babu, don hotunan takardu ne masu lamba, ba suna ba. Minti ashirin ya wuce, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Shekara huɗu na yi ina share hanya a dajin nan," ta ce. "Kai ko sati uku ba ka yi ba. Da ka tambaye ni, bakinka zai yi ciwo ne? Jujin nan da kake gani, rayuwar 'ya'yan mutane ce."

Ta ce ya tashi. Ita ma sai da ta yi kusan awa tana laluben abin da da dannawa ɗaya ne. Magidancin ya karɓi takardarsa sha biyu saura kwata, ya fita da gudu. Ba ta taɓa jin ko ya samu aikin ba, kuma wannan ya fi komai ci mata rai.

Washegari aka kawo mata takardar tuhuma, wai ta ɗaga wa na gaba da ita murya. Ta amsa da layi biyu, ta ce ta ɗaga, kuma dalilin yana nan.

Wata uku ta yi tana sake gina gajerun hanyoyin, a lokacin cin abincin rana, tana yi tana tsaki. Wannan karon ta sa wa kwamfutar kalmar sirri, ta ƙi ba kowa. Mataimakin bai taɓa ba ta haƙuri ba. Har aka sauya masa wurin aiki, idan yana son takarda sai ya aiko masinja, masinjan kuma ya tsaya a layi kamar kowa.