Saƙonnin Inna a Wayata

A shekarun da nake shugaban masu gadi a wani kamfanin ajiye kaya a unguwar masana'antu ta Trans-Amadi, gidan haya muke zaune a Fatakwal, ɗakuna a jere suna kallon juna, famfo ɗaya a tsakar gida. Yawancin mutanen gidan mahauta ne da masu kawo shanu. Ni na fara sayen babbar waya mai shafawa, don haka ba ta daɗe tana tawa ni kaɗai ba.

Tun farko na kafa mata doka. Ba a taɓa ta da hannun maiƙo, ba a fita da ita ƙofar gida. Wanda aka turo wa saƙon murya shi kaɗai zai ji abinsa.

Cikin masu zuwa har da wata tsohuwa da duk gidan muke kira Inna, mahaifiyar wani mahauci. 'Yarta tana aure a Anacha, mijin yana sayar da albasa a kasuwar Ose. Ɗan Inna yana da ƙaramar waya, amma kullum yana mayanka, kuma ba shi da haƙurin doguwar hira. Sai 'yar ta riƙa turo saƙon murya ta wayata.

Ranar Juma'a ce ranar Inna. In na dawo masallaci na ci abinci, sai ta zo da tabarmarta. Mu gaisa tukuna, ta tambayi aiki, ta tambayi iyali, ta tambayi ruwan sama da ba ya ɗaukewa a garin nan. Sannan in buɗe mata saƙo, ta kanga wayar a kunne, ni kuma in koma bakin famfo. Daga can nakan ga ta yi dariya, wata rana kuma ta share ido da gefen mayafi. In ta gama sai ta ɗaga hannu, in zo in danna mata, ta mayar da amsa. Ba ta yarda a goge ko ɗaya ba. Ta ce muryar 'yarta ce, a bar mata. Ni ban taɓa jin abin da ke ciki ba.

Ana nan sai kamfani ya kawo sabon tsari. Kowane shugaban sashe zai haɗa wayarsa da na'urar ofis, ta nan za a riƙa ba da aiki da karɓar rahoto. Wata matashiya mai kula da kwamfutoci ta tara mu ta yi bayani, ta ce ranar Litinin za a fara.

Da aka watse na tsaya. Na tambaye ta ko za su riƙa ganin inda nake, ta ce lokacin aiki kawai. Na tambaye ta ko za su iya goge abin da ke cikin wayar daga ofis, ta ce in ta ɓata za su iya, kuma daga yanzu ba a yarda a ba wani aronta ba. Sannan na tambayi saƙonnin murya. Ta ce ita ba ta buɗe na kowa, kuma an gaya mata ba a taɓa su. Na ce ta tabbata? Ta ce abin da mutanen babban ofis ke iya gani, ba za ta rantse a kai ba. Na gode mata, don ta faɗi iyakar saninta.

Da wayar tawa ce kawai da ban damu ba. Amma amanar wata ce a ciki, aiki kuma ba na wasa da shi. A lokacin ba ni da halin sayen waya ta biyu.

Ranar Juma'a bayan mun gaisa na gaya wa Inna komai yadda aka gaya mini, ban ƙara ba, ban rage ba. Na ce akwai masu gyaran waya a kasuwa, za su iya kwashe mata saƙonnin a ɗan kati ta ajiye.

"Su masu gyaran ba su da kunne ne?" in ji ta.

Na ce suna da shi.

"To Malam, ka ga wayar nan yanzu ta yi iyayen gida biyu. Kai na san ka, na san uwar 'ya'yanka. Wancan ban san shi ba. Abin da yarinyar nan ta faɗa mini ko mijinta bai ji ba."

Na ce wataƙila babu wanda zai ji. Ta ce ba a ɗora sirrin 'ya mace a kan wataƙila. Ta ce in buɗe mata su duka daga na farko, ta sake ji, in ta gama kowanne in goge a gabanta.

Haka muka yi. Ta ji, ta miƙo, na goge, na buɗe na gaba. Masu dawowa daga mayanka suna shigowa suna gaishe ta, ba ta amsa wa kowa ba. Akwai guda ɗaya da ta ce in maimaita mata, na maimaita, ta daɗe riƙe da wayar kafin ta miƙo. Muka tashi muka yi La'asar muka dawo muka ci gaba.

Da aka gama ta ce in danna mata. Ta gaishe da 'yar da mijinta da yara, ta ce kada ta ƙara turo magana ta wayar Malam, in tana da zance ta adana har ta zo da Sallah. Da wayar ta nuna alamar an ji saƙon, shi ma na goge shi. Ranar Litinin na kai wayar ofis aka haɗa ta.