Layin da Malam Rula Ya Ɓoye

Duk wanda ya taɓa aiki a kamfanin gine-ginen nan da ke bayan tashar mota ya san Malam Rula, ko da bai san sunansa na yanka ba. Laƙabin ya samo asali ne tun zamanin da ake zana jadawalin aiki da hannu, lokacin da yakan shimfiɗa farar takarda a kan tebur, ya danne kusurwoyinta da kofi da makullai, ya ja wa kowane aiki sanda daidai tsawon kwanakinsa. Da kwamfuta ta shigo ofis, tsararrakinsa suka ja da baya, shi kuwa ya zauna da furfurarsa ya koye ta kamar yadda ake koyon karatu, baƙi bayan baƙi. Bai yar da rular ba. Da ita yake nuna abu a kan allon kwamfuta, domin ya tsani a dangwala masa yatsa a gilashi.

Manhajar da yake tsara aiki da ita tana jera ayyuka ne layi bayan layi: haƙa harsashi, ɗora bulo, zuba kankare, ɗaura katako, buga kwano. Kowane layi yana da ranar farawa, da ranar gamawa, da sunan wanda zai yi aikin. Akwai kuma wani layi guda da ke zama bisa dukkansu, wanda ba ya fitowa sai an sa alama a wani ɗan akwati. Shi ba a rubuta masa rana da hannu. Daga layukan ƙasa yake tattaro lissafinsa, sannan ya faɗi ranar da aikin gaba ɗaya zai ƙare. Malam Rula yana kiransa layin kai, kuma shi yake fara fitarwa a kowane sabon aiki. Yakan ce jadawalin da ba shi da wannan layi gangar jiki ce ba kai.

Yana da ƙane guda ɗaya, wanda mahaifinsu ya rasu ya bar masa tun yana rarrafe. Malam Rula ya so yaron ya zama mai alƙalami irinsa, amma yaro ya ƙi aji ya bi guduma, ya zama kafintan rufi. Tsuntsu ake ce masa, saboda yadda yake tafiya bisa katakon rufi kamar a tsakar gida. Kamfani ɗaya suka yi aiki, babban yana ƙasa da lissafi, ƙaramin yana sama da ƙusa a baki.

"Yaya, kwana nawa akwatin naka ya yanka mini yau?" Haka yakan leƙo ofis ya ce, jikinsa duk garin katako.

"Fita ka karkaɗe jikinka tukuna, za ka toshe mini na'ura."

"To ka gaya mata kada ta lissafa ni da masu jiran ƙarfe takwas. Ni da zakara muke tashi."

Gaskiya kuwa ya faɗa. Tsuntsu yakan hau rufi tun rana ba ta yi zafi ba, ba ya sauka sai ya daina ganin kan ƙusa, kuma Asabar a wurinsa ranar aiki ce. Malam Rula, da yake ba ya son lissafi ya saɓa wa zahiri, sai ya keɓe masa kalanda ta kansa a cikin manhajar, mai dogayen ranaku, wadda ba ta san hutun Asabar ba. Duk layin da aka sa sunan Tsuntsu, sandarsa gajarcewa take yi.

Suna tsakiyar gina sababbin azuzuwa na wata makarantar firamare abin ya faru. Yaran makarantar suna karatu ne a wani tsohon sito da aka yi haya, mai ƙarancin tagogi, kafin a gama ginin. Wata rana da tsakar rana Tsuntsu ya sauko daga tsani, abin da bai saba yi ba. Ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, ya zauna a inuwar tarin katako ya nemi ruwa. Kafin a kawo, rai ya yi halinsa.

Bayan an share makoki Malam Rula ya koma ofis. Kamfani ya riga ya ɗauki sabon kafinta, mutum mai natsuwa, wanda ke zuwa a kan lokaci ya tashi a kan lokaci. Abin da ya rage a jadawali bai fi aikin minti kaɗan ba: a cire suna, a sa wani. Ya ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta, ya kai kibiya kan sunan ƙanensa, hannun ya ƙi. Ya san sarai cewa ranar da layin kai ke nunawa rana ce da ta dogara ga mamaci ya hau rufi kowace safiya. Bai iya nuna wa kowa ita ba, domin bai saba ƙarya ba. Bai kuma iya goge sunan ba. Sai ya shiga ɗan akwatin nan ya cire alamar, layin kai ya ɓace.

Daga nan jadawalin ya ci gaba da rayuwa da Tsuntsu a cikinsa. Kowace Litinin manhajar takan fitar da ayyukan mako, ya karanta: Tsuntsu, katakon ajin gabas. Tsuntsu, kwanon baranda. Idan aka ɗora wa mutum aikin da ya fi ƙarfin sa'o'insa, manhajar takan fitar da hoton wani ɗan jan mutum a gefen layin. Wata safiya ɗan mutumin ya bayyana kusa da sunan, tsaye, hannuwa a sake. Malam Rula ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juya allon ya fuskanci bango.

Ranar Asabar, da ba kowa a wurin ginin, yakan je ya tsaya cikin ajin da ba a rufe ba. Tsuntsu yana da irin bugun gudumarsa, biyu a guje sannan ɗaya mai nauyi. Malam Rula bai taɓa gaya wa kowa cewa yana jin bugun ba. Ya dai tambayi mai gadi ko akwai wani gini a maƙwabta, mai gadi ya ce babu.

Matarsa ce ta fara lura. "Malam, abincinka kullum dawowa yake yi. Ko yaran marigayi sun fi ka dauriya, su da suka rasa uba."

"Aiki ne ya yi yawa."

"Aikin da ake kai wa ziyara ranar Asabar? Allah ya kyauta."

Da hutun makaranta ya matso, Injiniya, matashiyar da ke kula da aikin, ta kira taro a ofis. Shugabar makarantar ta zo da kanta, dattijuwa mai tabarau, ta zauna ta fuskanci bangon da aka haska jadawalin a kai. Ta bi layukan da ido har ta gaji.

"Ni fa ban iya karatun tsanin nan naku ba," in ji Shugaba. "Rana ɗaya nake so a faɗa mini. Mai sito yana jiran amsata, ko in sabunta haya ko in sakar masa wurinsa, akwai mai so."

"Baba, ina layin kai?" Injiniya ta tambaya tana murmushi. "Kai da ka koya mini cewa ba a fita taro sai da shi. Yau gangar jiki ka kawo mana?"

Malam Rula ya jawo linzamin kwamfuta. Ya shiga akwatin ya mayar da alamar. Layin ya fito bisa sauran, baƙi ƙirin, kuma ranar da ke ƙarshensa ta faɗo kafin a dawo daga hutu.

"Alhamdu lillahi!" Shugaba ta tafa hannu. "Yarana sun huta da duhu. Bari in kira mai sito yanzu in sallame shi." Ta shiga laluben waya a jaka.

Malam Rula ya ga yaran a ransa, ranar komawa makaranta, tsaye da jakunkuna tsakanin siton da aka bai wa wani da azuzuwan da ba rufi.

"Ranki ya daɗe, ki dakata."

Duka biyun suka juyo.

"Wannan rana ba ta masu rai ba ce." Ya ɗaga rula ya nuna layukan rufi ɗaya bayan ɗaya. "Ƙanena ne ke riƙe da ita."

Injiniya ta karanta sunan a bango, murmushin ya bar fuskarta. "Baba, ka bari, ni zan gyara anjima."

"A'a, 'yata. Ni na sa shi."

Ya zaɓi sunan, ya danna a goge. Manhajar ta tsayar da shi da gargaɗi, cewa wannan mutum yana da aikin da ya riga ya kammala, in aka goge shi za a taɓa tarihin aikin. Ya karanta gargaɗin a hankali har ƙarshe, sannan ya fasa. Ya bar sunan a kan duk rufin da Tsuntsu ya buga da hannunsa, ya bi layukan da suka rage yana cirewa. Sandunan suka miƙe, layin kai ya ja jiki, ranar ƙarshe ta tsallake hutu ta faɗa can tsakiyar zangon karatu.

Shugaba ta cire tabarau ta goge, ta mayar. "Wato wani zangon a sito." Ta yi ajiyar zuciya. "Gara da na ji yau. Allah ya jiƙansa da rahama." Ta fita da wayar a kunne, ana jiyo ta a baranda tana roƙon mai sito ya ƙara mata lokaci.

Gurbin suna ya rage fari a kowane layin rufi. Malam Rula ya ɗora yatsu a kan madannai, sannan ya juya wajen Injiniya.

"'Yata, shi wannan sabon kafintan, me ma ake ce masa?"