Ranar da Aka Fito da Zannuwan Baƙi

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya daga Zariya, ni da wata tsohuwar abokiyar aikina da muka yi makarantar jinya tare, sai ƙanin maigidana da ya ja mu. Masu tambayar ina na ɓace makon jiya, ga amsarku. Katsina na je, garin da na yi shekarun farko na aikin nas, kuma ba yawon buɗe ido ya kai ni ba.

Hajiya Indo ce ba lafiya. Ita ce matiron ɗinmu, wato shugabar nas-nas, a wancan zamani, matar da ta koya mini saka allura da ɗaure kallabi da riƙe baki gaban likita. Yanzu ciwon huhu ya kwantar da ita a asibitin da ta yi wa bauta fiye da rabin rayuwarta, numfashi yana yi mata wuya. 'Yarta ce ta kira ni. Ta ce silindar iska suke saye daga waje, ta ƙare a yi ta jiran wata, alhali akwai sababbin injinan iska a kulle a sito, wai ba a ƙaddamar da su ba. Ta ce ranar Laraba wani kwamiti na manya mai bin diddigin yadda ake kashe kuɗin asibitoci zai kawo ziyara. "Anti, ke ce mai baki. Ki zo ki yi masu magana a bar wa Hajiya inji ɗaya." Na ce mata ta sha kuruminta. Duk wanda ya san ni ya san ba a rufe mini baki, har maigidana ya daɗe da sallamawa.

A da ta Funtuwa muke bi, mu tsaya a Malumfashi mu ci tuwon masara, mu shiga Katsina a duk lokacin da Allah ya kai mu, ba wanda ke kallon agogo. Wannan karon ƙanin maigidana ya ce ko da bindiga a wuya ba zai bi can ba, sai dai mu zagaya ta Kano. Na tsokane shi da cewa tsoro ne, ya ce e ya yarda, matsoraci ne ke kai labari gida. Damina ta yi kyau, gero ya fi mutum tsawo a gefen titi, kuma abin da ya ba ni tausayi shi ne yanzu tsawon gero ma abin fargaba ne ga matafiyi, don ba ka san wa ke ciki ba.

Bayan Bichi muka tsaya sayen gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa. Na miƙa kuɗin da a da zai cika mini leda, aka ba ni masara biyu, ɗaya ma duk giɓi. Abokiyata ta yi ta ciniki har mai masarar ya ce, Hajiya, in kyauta kike so ki faɗa. Furar Kankiya ce kaɗai ta riƙe amana. Tana nan da yajinta da kaurinta yadda na bar ta, sai dai ƙwaryar ta koma roba.

Shingayen jami'an tsaro kuwa na fara ƙirga su na gaji. A wani shinge na ga motarsu ta sintiri a ɗore kan duwatsu, babu taya ko ɗaya, kaza tana kwance a ƙarƙashi. Jami'in da ya leƙo motarmu idanunsa jawur, yana rawar sanyi cikin rana, takalminsa ɗaure da waya. Mai hali ba ya fasa halinsa: abokiyata ta taɓa goshinsa ta taga, ta zaro maganin zazzaɓi daga jaka ta ba shi, har da faɗan ya sha ruwa da yawa. A daidai lokacin rediyon mota yana ta bayanin maƙudan kuɗin da aka ware wa tsaro. Na ce to ina suke shiga? Ƙanin maigidana ya ce, "Yaya, kuɗin tsaro ba a tambayarsu, sirri ne." Na ce motar can da ke kan duwatsu ai ba ta iya riƙe sirri ba.

Da azahar muka shiga ta Ƙofar Kaura. Kewar garin ta kama ni. Shaguna sun cinye filin da muke tsayawa jiran mota, babura kamar a zuba ruwa ba zai taɓa ƙasa ba, amma gaisuwar mutanen garin tana nan da tsawonta. Muka sauka gidan 'yan'uwan abokiyata a Ƙofar Guga, aka gaishe mu tun daga gajiyar hanya har kan mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, shinkafa da wake tana hucewa a gabanmu. Daga wannan unguwa nake takawa zuwa aiki ina budurwa, farar riga a goge da dutsen guga na gawayi, ina tsallake kwata kada ta ɓaci. In na isa sai Hajiya Indo ta jera mu ta duba farce. Ta taɓa mayar da ni gida saboda ɗigon manja a hannun riga, na yi ta kuka a hanya ina rantsuwar barin aikin. Washegari ni ce ta farko a layi.

Da la'asar muka je asibitin. Bishiyoyin dalbejiyar da muke shan inuwa suna nan, sun ƙara girma. Ɗakin kwanciyar mata da na sani da ƙamshin sabulu yanzu ya cika ya batse. Wasu biyu a gado ɗaya, wasu a tabarma a ƙasa, yawancinsu matan ƙauyukan da aka tasa ne, har da wata mai raunin harsashi a cinya. Safar hannu da sirinji da ruwan ƙari duk mai jinya ke fita ya sayo. Nas biyu ne kawai a ɗakin, kuma wallahi ban ga laifinsu ba, gudu suke yi har suna tuntuɓe.

Hajiya Indo tana gadon bakin taga, ta rame, ƙirjinta yana ɗagawa da ƙyar. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Ɗiyata, kun iso lahiya? Ke har yau ba ki iya ɗaurin kallabi ba." Na yi dariya hawaye na zuba. Shekaruna sittin da ɗoriya, da jikoki, amma sai da na kai hannu na gyara kallabin.

Safiyar Laraba na iso na tarar da wani asibiti daban. An shafa wa duwatsun bakin hanya farin fenti. Matan da ke kwance a ƙasa an kwashe su zuwa barandar baya. Kowane gado da farin zane sabo, har da karin ninki. Ga injin iska fil a leda an jona wa Hajiya, yana ɗan gurnani, ita kuma a karon farko tana numfashi ba tare da kafaɗunta sun motsa ba. Har ta ci kunu rabin kofi.

Ina ganin zannuwan na gane su, don mu ma mun yi. Zannuwan baƙi muke ce musu. Hajiya Indo ce ke riƙe da mabuɗin akwatinsu. In an ce manya za su zo, sai a fito da su, mu shimfiɗa, baƙi su wuce mu naɗe a mayar. Tana cewa asibiti gida ne, ba a tona asirin gida gaban baƙo. Mu kuwa alfahari muke yi da hakan, muna ganin mun fita kunya. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba: mutumin da aka aiko ya gano abin da ya rage, in ka ɓoye masa, wa ka cuta?

Wajen ƙarfe sha ɗaya suka shigo, manyan riguna da turare, shugabannin asibiti na biye. Jagoran kwamitin dattijo ne mai natsuwa, ɗauke da littafi da biro a hannunsa. Gado gado yake bi yana tambaya, kowace mata tana sunkuyar da kai ta ce da sauƙi, an gode. Da aka gaya masa wace ce Hajiya Indo, sai ya ja kujera ya zauna.

"Mama, ke kin san aikin nan fiye da mu. Ki faɗa mani gaskiya, mi kuke buƙata?"

"Alhamdulillahi," in ji ta. "Ɗiyan nan suna bakin ƙoƙarinsu."

"Magani fa? Iska fa? Ba ku sayen komi daga waje?"

Na ja numfashi. Tun daga Zariya na tsara maganata, har na maimaita wa abokiyata sau biyu a mota. Ina buɗe baki sai na ji yatsun Hajiya Indo a wuyan hannuna, ta ƙarƙashin farin zanen. Ba wani ƙarfi a riƙon, ko jariri zai iya ƙwacewa. Amma irin riƙon da take yi mana ne in likita yana magana muka so sa baki. Na dubi shugabannin asibitin, duk sun zuba mini ido. Na dubi nas ɗin nan biyu da za a huce a kansu. Dattijon ya juyo gare ni, ya ce, "Hajiya, ko ke kina da magana?" Na ji bakina ya ce, "Babu komai, ranka ya daɗe. Allah ya saka da alheri." Ya ɗan jira, biro a kan takarda. Sannan ya rubuta wani abu gajere, ya yi addu'a, suka wuce.

'Yar Hajiya ta miƙe. Fita ta yi, kuma da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan la'asar mai kula da sito ya turo amalankensa. Dattijo ne shi ma, sai ba da haƙuri yake yi. Ya ce shi ya sa hannu ya fito da kayan, in ba su koma yau ba aikinsa ne zai tafi, yana da iyali. A lokacin ne bakina ya dawo. Na yi faɗa har ana leƙowa daga waje, na je ofishin shugaba aka ce ya raka baƙi, na rubuta kokena a takarda na bar masa. Kafin in dawo an naɗe zannuwan, an cire injin, an mayar da matan baranda kan tabarminsu. An jona wa Hajiya silindar da ta kusa ƙarewa.

Na zauna a gefenta raina a ɓace. Ta daɗe tana tara numfashi kafin ta yi magana.

"Mu da muna hiddo zannuwan baƙi, amma wanda ke bisa gado kullum ma wankakke ne. Na baƙin ado ne kawai. Su 'yan wanga zamani sun ɗauki adon sun bar wankin." Ta huta. "Ni na koya maku. Ga shi ya zo kaina. Da kin faɗa mashi."

"Hajiya, ke kika riƙe ni."

"Don na riƙe ki sai ki tsaya? Halan har yau ɗaliba ce ke?"

Na gyara mata matashi, na yi mata fifita har aka kira magariba.

Ranar Alhamis da hantsi muka biya gidanta a Ƙofar 'Yandaka na yi sallama da 'ya'yanta, na bar abin da ya sawwaƙa, muka juyo. Babu wanda ya yi ciniki a hanya. Ƙanin maigidana ma, da ba ya rabuwa da tsokana, rediyo kawai ya kunna. Mun wuce shingen nan, motar tana nan kan duwatsunta, na tuna yadda na cika baki a kanta shekaranjiya. Muka iso Zariya da yamma lafiya. Washegari na zauna na rubuta wa kwamitin wasiƙa, na faɗi duk abin da na gani, na sa cikakken sunana da shekarun da na yi ina aiki. Ranar Lahadi 'yarta ta kira ni, Hajiya ta cika. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Ban ce inji zai ƙara mata kwana ba, kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma da ta tafi a natse, ba cikin haki ba. Mun saba cewa hukuma ba ta tambaya, ba ta sauraro, kuma sau da yawa haka ne. A wannan tafiya dai na ga ranar da aka zo har bakin gado aka tambaya, sau uku. Ana yi wa mutanen Katsina kirari da cewa kunya gare su ba tsoro ba, ni ma a can na koyi tawa, na daɗe ina taƙama da ita. Ranar Laraba ita Hajiya numfashi ne ya yi mata ƙaranci. Ni nawa cikakke ne, na yi shiru.