Iskar rana a ƙullin barkono

Shekarun baya, wajen ƙarshen alif ɗari tara da tamanin da wani abu, na dawo unguwarmu Nima hutu daga karatu a Turai da damin takardu a jaka. Aikina ke nan kaf: na sa kwamfuta ta kwaikwayi yadda iskar da ke fitowa daga rana take bugun garkuwar maganaɗisun duniya, ta matse ta ta gaba, ta ja mata jela ta baya. Lokacin da aka ba ni a kan injin ya ƙare, kuma ba ni da wani kwafi. In takardun nan suka ɓata, digiri ya tafi.

Ni da ake ce wa mai ilimi, sai na ajiye su a ƙarƙashin benci, daidai inda mahaifiyata take tara tsofaffin jaridun da take ƙulla wa masu ciniki barkono da daddawa a Kasuwar Malam Atta.

Na je ziyara Kumasi na dawo, damin ya rame.

"Pepan nan naka yana da kyau paa," in ji ta. "Ba ya yagewa koraa, ko kaɗan. Kastoma duka suna so."

Na zauna a ƙasa. Da ta ga idona ya kawo ruwa, ba ta tambayi mene ne maganaɗisu ba. Mayafinta kawai ta yafa.

Ta san gidan duk wanda ya saya. Ta bi Nima lungu-lungu, ta shiga Maamobi, har Kawukudi, tana sallama tana cewa, "A juye yaji, a ba ni pepa, na ɗana ne." Wasu an hura wuta da su, amma yawanci sun dawo, jajaye da manja. Ta goge su ɗaya-ɗaya da dutsen guga na gawayi. Da su na kammala, malamina yana duba lissafi yana atishawa.

Guda ɗaya ta hana ni, mai zanen duniya a lulluɓe, jela na bin ta. Ta ce, "Wannan mace ne, iska yana jan mayafinshi. Bar mini."

Yanzu kwamfutar da ke aljihuna ta fi waccan ƙarfi, kuma lissafin nawa ya tsufa. Amma ban taɓa jin an so ni kamar ranar nan ba. Bayan rasuwarta na tarar da zanen a ninke cikin adakarta, tare da zannuwan da ba ta ɗaurawa sai da Sallah. Har yau yana ƙanshin daddawa.