Hansai Mai Koɗa Dutse

A Ruma, tun kafin Nasara su zo Katsina, in dutsen niƙan mace ya yi santsi, Hansai ake kira. Kakar babana ce, kuma an ce ba ta da wasa.

Aikinta koɗa dutse. Dutsen da ya sha niƙa fuskarsa kan goge, hatsi ya riƙa zamewa, mace ta yi ta gurza a banza. Sai Hansai ta zo da makoɗinta, wani baƙin dutse kamar dunƙulen hannu, ta yi ta sara ƙwas-ƙwas har fuskar ta yi kaushi. Kaushin ma iri-iri ne. Na gero ƙanana, kusa da kusa. Na dawa ya fi zurfi. In an zarce, gari ya cika da tsakuwa. Da tafin hannu take shafawa ta gane ya isa. Wallahi hannun matar nan abin sha'awa ne.

Tun tana da ƙuruciya ɓarɓashin dutse ya cinye mata ido ɗaya. Da ta manyanta, ɗanta na fari Salmanu, wanda ko sunansa ba ta kamawa, ya ji tsoron kada ɗayan ma ya tafi, sai ya ɓoye makoɗin. Ta zauna a ƙofar ɗaki tana ramewa, don ita in ba ta aiki, gani take ta mutu.

Duwatsun unguwa suka yi sumul. Tasalla, matar Salmanu, ta gaji da wahala, ta samo wani dutse ta koɗa nata da kanta, ta kuwa zarce. Ran nan maigida ya kai loma, sai ji ya yi ƙaras, haƙori ya tafi.

Da safe ya durƙusa gaban tsohuwa da makoɗin, kunci a kumbure.

"Inna, ga shi. Amma don Allah idonki."

Ta karɓa, ta jawo dutsen Tasalla, ta shafa shi, ta yi tsaki. Sannan ta runtse idonta gam ta fara sara.

"Inna, a rufe za ki yi?"

"Tun ranar da na rasa ɗayan a rufe nake yi," in ji ta, ba ta ko ɗago ba. "Duk matan Ruma sun sani. Kai ne ba ka taɓa tsayawa ka kalle ni ina aiki ba."